Wata Huɗu

Lamba ta arba'in da bakwai, taga ta uku, Maskat.
Na'urar sanyi na hura min ƙeya.
Na miƙa koren fayil da hannu biyu
kamar mai miƙa jariri.

Hamood ne sunan da ke ƙirjinsa.
Bai ɗaga murya ba, bai haɗe gira ba.
Ya ɗora yatsa a kan ranar haihuwar babana,
ya ce, “Sista Remya, ya haura da wata huɗu.”

Wata huɗu.
Ko cikin akuya ya fi haka daɗewa.

Shekara goma sha ɗaya ke nan
ina juya tsofaffin garin nan daga hagu zuwa dama
don kada gado ya ci musu baya.
Na san wadda ba ta haɗiyar magani sai da dabino.
Na san wanda ke kirana da sunan 'yarsa da ta rasu,
ina kuwa amsawa.
Ban taɓa tambayar shekarun kowa ba kafin in ɗauki tasa.

Babana Velayudhan,
shekara talatin da huɗu yana ɗaga tuta a tashar Shoranur,
kore, ja, kore,
cikin ruwa, cikin rana, da agogo a aljihun gaba.
Jirgi bai taɓa makara saboda shi ba.
Yau shi aka ce ya makara.

Ranar ma ba tasa ba ce.
Kakata ta ce an haife shi da yankan shinkafa,
shekarar da kogi ya shigo har madafa.
Lamba kam ba ta sani ba.
Malamin firamare ne ya gan shi zanƙalele kamar gora,
ya ce, zagaya hannu bisa kai, taɓa kunne.
Ya taɓa.
Malam ya tsoma alƙalami
ya ƙara masa shekara biyu, kyauta.
Malamin ya daɗe da zama toka,
tawadarsa ce ta ƙi mutuwa.

Na ba Hamood wannan labari.
Ya yi gajeren murmushi, ya ce nasa uban ma
ɗaya ga watan ɗaya aka rubuta masa,
shi da duk 'yan ƙauyensu.
“Amma kwamfuta ba ta da kaka.
Ya zo ziyara mana, ya ga jika, ya koma.”
Ya danna ƙararrawa. Arba'in da takwas.

A gida na riga na sa an kafa ƙarfen dafawa a banɗaki.
Na sayi gado mai gajerun ƙafafu saboda gwiwarsa.
Ɗana Adwaith ya kwashe littattafansa zuwa falo,
ya manna takarda a ƙofa da rubutunsa mai karkata:
ɗakin Kaka.

Da magariba na kira.
Kullum yakan kusanto da waya fiye da kima,
goshinsa kawai nake gani, da fanka tana juyawa.
Tun da Mama ta rasu, shinkafar mutum biyu yake dafawa,
hankaki ke cin saura.
“To, sun ɗaga kore?”
Na ce, suna kan dubawa.

Shiru.
Mutumin da ya san jirgi zai tsaya
tun daga ƙarar da ke cikin ƙarfen dogo,
shi zan ɓoye wa?

Ya ce, “Dama kwakwar bayan gida ta isa tsinka.
Wa zan bar wa?”
Na ce, haka ne.
Ya ce, “Ki ci abinci.”

Ƙarfe goma na kama aikin dare.
Gado na shida, Ummu Saif, casa'in da wani abu,
ita ma ba ta san daidai ba.
Ta riƙe wuyan hannuna, ta ce hannuna ya yi sanyi,
ta tura shi ƙarƙashin bargonta.
Na bar shi a can
har ƙararrawar gado na tara ta yi kira sau biyu.